Gwajin Fitsari ko Tambaya a Keɓe?

Uwa mai zargin ɗanta da shaye-shaye ta raɗa wa likita: "A gwada fitsarin yaron nan." Gwajin na da sauri, amma amsarsa gajeriya ce. Giya kan bar jiki cikin sa'o'i, wiwi kan kai makonni a jikin mai yawan sha, kuma kwalbar fitsari ba ta faɗin dalilin shan. In aka yi a ɓoye, yaro ya daina sakin jiki ke nan.

Na fi son tambaya, uwa tana waje. Tambayoyin CRAFFT, waɗanda likitoci ke yi wa matasa don gano matsalar shaye-shaye, 6 ne kacal; ga biyu daga ciki: kana sha kai kaɗai? Ka taɓa shiga motar wanda ya bugu? Amsa e sau 2 ta isa a zauna a tattauna tun abin bai yi nisa ba. Yaro na iya yin ƙarya, ba musu, amma yakan buɗe baki in ya san za a rufa masa asiri.