Wasiƙa daga Jidda a kan koyar da ƙwayar halitta da hannu

Zuwa ga Yayana Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayarka game da yadda ake koyar da darasin ƙwayar halitta, wato ƙaramin tubalin da ake gina jikin mai rai da shi, ga yara masu buƙata ta musamman a nan Saudiyya, da irin kayan aikin da ake samu idan an kwatanta da na gida.

Ta fuskar tarihi ba su riga mu ba, domin an buɗe makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, alhali sai a 1960 aka kafa makarantar makafi ta Ma'ahadin Nur a Riyad, makarantun kurame na Amal kuma suka biyo baya a 1964. Inda suka yi mana nisa shi ne kaya da tsari. Wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar darasi, yaran aji ba su da yawa, kuma malami yana shiga kantin Jarir ya fito da yumɓun roba mai launi da gam da kwali a wuri guda, ko da yake kuɗin da ya biya zai tayar maka da hankali idan ka juya shi zuwa naira.

A ajin kurame, malama takan ɓare siririn tantanin albasa, ta shimfiɗa shi a kan gilashi, ta ɗiga masa aidin, sannan ta haɗa madubin likita, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, da allon talabijin, yaran su ga ƙwayoyin a jere, kowace da bangonta da cibiyarta. Daga nan kowane yaro ya gina tasa da yumɓu, ya bayyana sassanta da maganar hannu. Ajin makafi ya fi ɗaukar hankalina. Akwai samfurin roba da ake shigowa da shi daga waje, mai kyau a ido, amma ko'ina sumul yake, yatsa ba ya bambanta wani sashe da wani. Saboda haka malamar takan ajiye shi gefe, ta ɗauko akwatin roba mai kusurwa huɗu a matsayin bangon ƙwayar tsiro, ta sa ledar ruwa a tsakiya a madadin jakar da ke riƙe ruwa, ta ɗora hannun yaro a kan kowane sashe tana faɗin sunansa, har sai ya iya haɗa su da kansa.

A nan ne nake ganin ba ku da dalilin jiran kayan waje. Yumɓun magina tukwane ya fi na roba arha, ƙwallon goruba zai tsaya a matsayin cibiya, wake da gero kuma su wakilci ƙananan sassa, kuma kowannensu yana da kaushin da yatsa zai gane nan take. Abin da babu makwafinsa shi ne madubin likita da malamin da aka horar.

Ina roƙonka ka fara da jajayen ƙwayoyin jini. Idan yaro ya mulmula lafiyayyiyar ƙwaya mai faɗi da ɗan loɓawa a tsakiya, sannan ya lanƙwasa wata kamar lauje, ya gwada tura su ta cikin bututu, zai gane dalilin da ya sa mai sikila yake shan azaba idan jijiya ta toshe. Saudiyya ta wajabta gwajin jini kafin aure tun 2004, Kano ma ta kafa irin wannan doka a 2024, don haka darasin ya shafi rayuwar ɗalibanka kai tsaye.

Zan aiko maka da madubin likita mai aiki da hasken rana ta hannun masu dawowa daga Umra, tare da gilasan gwaji. Kafin ya iso, ka nemi mai ginin tukwane ya ƙona muku samfura, domin ɗanyen yumɓu yana saurin farfashewa a hannun yara.

Ka gaishe mini da Inna da yara.

Taka ƙanwa.