Zaɓen Gidan Jinyar Tsofaffi a Amurka: Abin Dubawa Kafin Sa Hannu

Duk wanda lalurar mahaifi ko mahaifiya ta tilasta masa neman gidan jinyar tsofaffi a Amurka zai tarar da gidaje kusan 15,000, kuma da yawansu suna iƙirarin cewa sun sauya salon kulawa, ta yadda tsoho ne ke da ta cewa a kan lokacin tashinsa da wankansa da abincinsa. Iƙirarin ba shi da tsada, shi ya sa ya kamata a san abin da ke bayansa.

Tsohon tsari shi ne babban gini mai kama da asibiti, inda mutum biyu ke kwana a ɗaki ɗaya da labule a tsakaninsu, komai kuma yana tafiya bisa jadawalin ma'aikata. Wasu daga cikin waɗannan gidaje sun rungumi tsarin Eden Alternative, wanda likita Bill Thomas ya soma a jihar New York a 1991 don yaƙar kaɗaici da gundura da rashin kataɓus. Sai kuma ƙananan gidajen Green House, waɗanda aka fara buɗewa a garin Tupelo na jihar Mississippi a 2003. Kowanne yana ɗaukar tsofaffi 10 zuwa 12, kowa da ɗakinsa da bayinsa, ana girki a gaban idonsu a ci a teburi guda, kuma ma'aikatan da suka san halin tsoho su ne ke zuwa masa kullum. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mutuncin dattijo, sai dai gidajen ba su da yawa, kuma samun gurbi yakan yi wuya.

Inda gizo ke saƙa shi ne wanda zai biya kuɗin. Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, ba ya ɗaukar nauyin zama na dindindin, iyakarsa kwana 100 na jinya bayan kwanciyar asibiti. Medicaid, shirin lafiyar gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, shi ne ke biya wa kusan mutum shida cikin goma na mazauna, kuma abin da yake biya bai kai na masu biya daga aljihunsu ba. Bincike ya daɗe yana nuna cewa gidajen da suka dogara kacokan da Medicaid sun fi ƙarancin ma'aikatan jinya da yawan laifuffuka a wajen jami'an gwamnati masu duba gidajen, cewa baƙaƙen fata sun fi yawa a cikinsu, kuma sabon salon ya fi samun gindin zama a gidajen da ba na neman riba ba, masu isassun mazauna da ke biya da kansu. Saboda haka tambayar farko ita ce ko gidan yana karɓar Medicaid, kuma ko zai ci gaba da riƙe tsoho idan ajiyarsa ta ƙare.

Tun 2008 gwamnatin tarayya take ba gidajen maki na taurari ɗaya zuwa biyar, bisa sakamakon duba da yawan ma'aikata da alƙaluman ingancin jinya, kuma ana ganin su a shafin Care Compare. Kashi na uku ya fi rauni, domin mafi yawan alƙalumansa daga gidajen suke fitowa. Gara a mai da hankali kan rahoton masu duba, da yawan ma'aikata a ƙarshen mako, da yadda suke barin aiki, biyun ƙarshen nan a 2022 aka fara wallafa su.

Bayan haka a je da ƙafa ranar Asabar da daddare, a lura da tsawon lokacin da ƙararrawar kira ke yi kafin a amsa ta. Iyalin Musulmi su tambaya a fili game da abincin halal, da wurin salla, da ko mace ce za ta riƙa yi wa mahaifiya wanka, su kuma nemi a rubuta amsoshin cikin tsarin kulawarta. Dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ta ba mazauni haƙƙin sa baki a wannan tsari, kuma kowace jiha tana da jami'in karɓar koke na mazauna, wanda za a iya tuntuɓa kyauta tun kafin a zaɓi gida.