Shagon askin da ake duba fuskar mutum kafin a kunna kilifa

A bakin titin da ya ratsa Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, akwai wani shagon aski mai ɗaki ɗaya da rumfar kwano a gabansa, wanda na ga ya cancanci a yi magana a kansa, domin aikin da ake yi a cikinsa ya sha bamban da abin da muka saba gani a karkara. Shagon ba shi da allon suna, kuma kayan cikinsa ba su wuce kujerar aski guda, da benci biyu, da babban madubi, da faifan sola a kan rufi ba. Abin da ya sa nake zuwa wurin, nake kuma kai 'ya'yana maza, shi ne mai shagon ba ya fara aski sai ya dubi kan mutum da fuskarsa, ya shafa sumar ya ji irinta, sannan ya tambayi irin hular da mutum yake sawa.

Tambayar hula ita ce ta fi nuna mini cewa mutumin ya san aikinsa. Hotunan aski da ake liƙawa a bangon shaguna yawancinsu na samarin Amurka ne da 'yan ƙwallon Turai, mutanen da ke yawo kai babu hula, saboda haka duk adon askinsu a tsakiyar kai yake. Mu kuwa magidanci ba ya zuwa masallacin Juma'a ko ɗaurin aure ko kasuwa sai da zanna ko kube a kansa, kuma abin da jama'a suke gani a jikinsa shi ne ƙeya da gefen kunnuwa da saje da gemu. A nan ne mai shagon yake zuba ƙwarewarsa. Idan mai doguwar fuska ya zauna, ga shi kuma ma'abocin doguwar hula, sai ya bar masa ɗan gashi a gefe, ya bar sajen da kauri, don kada hula da haɓa su haɗu su ƙara wa fuskar tsawo. Idan mai zagayayyar fuska ne mai kumatu, sai ya rage gefen sosai, ya sirantar da saje, ya bar cikar gashin a haɓa, nan da nan fuskar ta fito. Mai faɗin muƙamuƙi ba shi da matsala, kusan kowane gajeren aski yana karɓarsa. Tsawon gemu dai ba ya taɓa shi sai mai gemun ya ce a taɓa, domin ya san da yawa saboda sunna suke barinsa.

Wurin gyaran goshi ma yana da taka-tsantsan. Da yawa daga cikin masu aski, garin neman layi ya miƙe, sukan ci gaban goshi su tura shi baya, bayan mako guda sai gashin ya tsiro ƙasa da layin ya zama kamar inuwa, aski na gaba kuma a sake turawa. Shi yana bin layin da Allah ya halicci mutum da shi ne, ya share 'yan gashin da suka fito gefe kawai, musamman ga mai faɗin goshi wanda ba ya bukatar a ƙara masa fili.

Wani abin da na yaba shi ne yadda yake koya wa mutane faɗin abin da suke so da lamba, maimakon su ce a yi musu saisaye kawai a yi ta gardama daga baya. Robar da ake sa wa bakin kilifa lamba-lamba ce: lamba 1 tana barin gashi kimanin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 wajen milimita 10, lamba 4 kuma milimita 13. Wanda ya riƙe lambarsa, ko Hadeja ya je ko Kano, zai samu askin da ya saba.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne wajen bambanta irin gashi. Yawancinmu gashinmu mai tauri ne mai murɗewa, kuma irin wannan gashin idan aka kankare shi da reza har fata, tsininsa yakan lanƙwashe ya koma cikin fatar yayin da yake tsirowa, daga nan ne ƙurajen aski suke fitowa a wuya da haɓa. A ƙeya lamarin ya fi muni, domin ƙurajen sukan haɗe su zama tabo mai tauri wanda gashi ba ya sake fitowa a kansa. Na taɓa jin wani dattijo ya nemi a share masa ƙeya tas, sai mai shagon ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, ƙeyar nan ta fara ƙuraje, idan na sa mata reza na cuce ka. Bari in bar maka lamba 1, hula za ta zauna daidai." Dattijon ya ce: "To ɗana, yi yadda ka gani." Ga masu gashi mai laushi kuwa, kamar yadda ake samu wurin da yawa daga cikin Fulanin da ke kawo dabbobi kasuwa, ba ya yi musu ƙasa sosai, saboda gashin yakan kwanta fatar kai ta bayyana, sai ya ɗauki almakashi da mataji ya daidaita. Wanda sanƙo ya fara kamawa yakan gaya masa gaskiya cikin ladabi, cewa barin suma a gefe ƙara fito da sanƙon yake yi, gara a yi ƙasa da ita duka ko a yi ƙwal-kwabo.

Samari sukan zo da hoto a waya su ce irinsa suke so. Idan askin na kankare gefe ne a bar tuli a sama, ba ya yi, kuma dalilinsa sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malamai, wato hadisin Abdullahi ɗan Umar da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya hana aske wani sashen kai a bar wani. Abin da yake yi musu shi ne ya rage gashin a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da ya kai fata ba, yaro ya tashi da kyan gani, ya kuma shiga gida ba tare da mahaifinsa ya kore shi ba. A ganina wannan hikima ce, domin da ya kore su da faɗa, wani shagon za su tafi.

Batun tsafta yana da yabo, yana kuma da gyara. Reza sabuwa yake buɗewa a gaban kowa, ya jefa ta cikin gwangwani idan ya gama. Yaron da ya gani da kora ko makero a kai yana da kilifarsa daban, kuma yakan ce wa uban ya kai shi asibiti, wanda hakan shi ne daidai, tunda irin wannan ciwon na fatar kai ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni. Sai dai ranar Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu take ci, idan layi ya yi tsawo, na lura goge kilifar da buroshi da ɗan sifirit kawai ake yi cikin gaggawa, kuma ƙyalle ɗaya ne yake zagaya wuyan kowa tun safe har yamma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum har kwana 7 ko fiye, kuma kilifar da ake gyaran goshi da ita tana iya yankar fata ba tare da an lura ba. Shawarata ga duk mai hali ita ce ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita, tunda masu caji irin su Kemei sun wadata a kasuwannin Kano, kuma mai shagon ba ya ɓata rai idan aka zo da ita. Shi kansa ya kamata ya ƙara ƙyallaye ko da uku ne, ya riƙa wanke su kullum.

Wuta ma takan ba da matsala. Sola ta raba shagon da ƙarar janareta da kuɗin fetur, amma a kwanakin hazo da na damina, idan rana ba ta fito sosai ba, kafin la'asar batir ya yi sanyi, kilifa ta fara cizon gashi maimakon yanka shi, abin da yake sa yara kuka. Yana da babbar kilifa ƙirar Wahl wadda ta fi sauran ƙarfi, amma ita sai da isasshiyar wuta take aiki.

Kuɗin askinsa ya ɗara na masu aski a rumfunan kasuwa da kaɗan, na yara kuma ya fi sauƙi, kuma a ganina bambancin bai kai darajar aikin ba. Wanda yake son askin aska da ruwa, ko askin jariri ranar suna, wurin wanzami zai nufa, domin shagon ba ya yin waɗannan. Ban ba kowa shawarar zuwa ranar kasuwa ko safiyar Juma'a ko jajibirin Sallah ba, saboda a lokutan nan mai shagon ba ya samun sukunin duba kowane kai yadda ya saba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsin Talata ko Laraba, sa'ad da batir yake cike kuma benci babu kowa, mutum ya tafi da hular da ya fi sawa a kansa domin a gwada askin da ita kafin ya tashi daga kujera.