Karen da ke hawa ƙafar baƙo: fiɗiya ko horo?

Wani ɗan'uwa daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya tsinci kare namiji a bakin kasuwa, ɗan shekara guda ko kusa da haka, ya kai shi gida don gadin awaki. Kwana goma ke nan. Da an taɓa ƙofa sai karen ya rikice da tsalle da haki, daga nan ya rungume ƙafar baƙo ko ta yaro yana hawa. Wasu sun ce masa a fiɗiye shi, wasu sun ce horo ne bai samu ba. Yana tambaya wanne zai bi.

Malam, kafin ka zaɓa, lura da lokacin da yake hawan. Idan sai karya ta shiga lokacin barbara a unguwa yake rikicewa, yana ƙin abinci, yana haƙa gindin katanga, yana ɗiga fitsari a kowane lungu, to sha'awa ce. Idan kuwa sai an yi sallama, ko yara sun dawo daga makaranta da gudu da ihu, wannan zumuɗi ne ya yi masa yawa ya rasa inda zai sauke shi. Irin wannan hawan har karya tana yi, 'yan kwikwiyo ma suna yi. Yadda ka kwatanta naka, ya fi kama da na biyun.

Fiɗiya tana maganin na farko. Tana rage yawo da neman mace, kuma a karnuka da dama tana rage hawan. Amma ba ta koya wa kare yadda zai tarbi baƙo ba, kuma wanda hawa ya riga ya zame masa jiki yakan ci gaba bayan aikin. Ba nan take ake ganin canji ba, sai an yi makonni, har ma yana iya yi wa karya ciki cikin wata guda na farko. Likitan dabbobi ne zai yi aikin da allurar barci, ciwon ya warke cikin kwana 10 zuwa 14, ana hana shi lasar wurin. Kada a bari kowa ya yi masa dandaƙa ko ɗaurin roba irin na bunsuru. Halittar kare daban ce, wurin rubewa yake yi, azaba ce tsagwaronta.

Horo kuwa ya fi cin lokaci, amma shi ne yake taɓa tushen matsalar taka. Samo igiya mara nauyi mai tsawon mita 2, ka ɗaura a abin wuyansa yana jan ta a tsakar gida, muddin akwai babba a wurin. Kare ba ya hawa ba tare da ya nuna alama ba: haki zai ƙaru, ya fara kewaya mutum, ya ɗora ƙafar gaba ko haɓarsa a jikinsa. A nan ake tare shi. Taka igiyar, ka kira shi, ka ce "zauna", gindinsa na taɓa ƙasa ka miƙa masa gutsuren sharmut (busasshen nama) kamar ƙwayar wake. Idan ya riga ya hau, ja shi da igiyar ba tare da magana ba, ka kai shi bayan ƙyaure na minti 1 ko 2, sannan ka sake shi. Shi "zauna" ɗin a koya masa tun gida na shiru, minti 5 sau uku a rana, don kare ba ya ɗaukar sabon darasi a tsakiyar hayaniya.

Inda aka fi ɓata aikin shi ne wajen yara. Ya hau, su yi dariya, su ture shi, su ruga, shi kuwa a wurinsa wasa ne ya yi daɗi. A gaya musu su tsaya cak, su harɗe hannu, su juya masa baya. Baƙo ma kada ya kula shi sai ƙafafunsa huɗu suna ƙasa. Duka da tsawa ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Karen titi ya sha jifa tun yana ƙarami, sanda tana ƙara masa fargaba, fargaba kuma ita ce ke kai kare ga cizo. Ɗaure shi wuni guda a gindin bishiya ma tara masa ƙarfi kawai yake yi.

Fita da shi tafiyar rabin awa bayan asuba, da wata bayan la'asar sakaliya, don zafin Gadarif a watan Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Bar shi ya yi ta sunsune-sunsune a hanya, yana kwantar masa da hankali fiye da gudu. Ka ware masa inuwa da ruwa inda ba mai damunsa, domin karen da ya girma yana barcin awa 12 zuwa 14 a rana, wanda bai samu ba kuwa ya fi saurin rikicewa.

Shawararmu, ka ba horon mako uku zuwa huɗu tukuna. Kwana goma bai isa kare ya san gida ba. Idan hawan ya ragu sai dai lokacin da karya ta gifta, to fiɗiya za ta ƙarasa sauran.

Amma ganin likita ba zai jira ba. Ciwon haukan kare yana nan a Sudan, a yi masa rigakafi cikin makon nan, da maganin tsutsar ciki da na kaska. Ka sa a duba gabansa. Yawan lasa, ko fitsari kaɗan-kaɗan, ko ɗigar jini, na iya nuna ciwon mafitsara ko wani ƙari da karnukan titi ke ɗauka wajen barbara, kuma yana da magani. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.