Disneyland na Kalifoniya: ma'aikatan na ba taurari biyar

Masu tambayata wai Disneyland ya kai kuɗin da ake zubawa a kansa, to gaskiya ya kai, amma bari in faɗi abin da ya sa ya kai ɗin tunda yawanci in mutum ya dawo hoton fada da wasan wuta kawai yake nunawa. Wurin wasa da shaƙatawa ne na kamfanin Disney, yana garin Anaheim ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, tun 17 ga Yuli 1955 aka buɗe shi, kuma a bazarar 2024 lokacin da muka shiga tikitin babban mutum na yini ɗaya yana farawa ne daga dala 104 har ya kai 194 ya danganta da ranar da ka zaɓa, banda kuɗin fakin banda abinci banda na tsallake layi in kana so. Daga baya a 2024 ɗin ma an ƙara na saman ya koma 206. Ka riƙe 194 ɗin nan a ranka don zan dawo kanta.

Abu na farko da zai buge ka shine tsafta. Dubban mutane ne ke yawo da ayis kirim da gugguru a hannu, yara na zubarwa manya na zubarwa, amma wallahi da ƙyar ka ga abu ya daɗe a ƙasa, kafin ka waiga wani mai fararen kaya ya zo da tsintsiya da abin kwashewa ya wuce, kuma in ka tambaye shi hanya sai ya tsaya ya yi maka kwatance kaman ba shi da wani aiki a gabansa. Banɗaki ma haka, kuma duk wanda ya san wurin taro ya san a banɗaki ake gane gaskiyar wuri. Masu kula da lilo kuwa, irin su Space Mountain da Matterhorn, aikinsu ba wasa bane duk da a gidan wasa suke, su ne ke ƙirga mutane su zaunar da su su duba bel ɗin kowa ɗaya bayan ɗaya su danna a tafi, jirgi na fita wani na shigowa ba tsayawa, maganar da suka faɗa wa na gabanka ita za su faɗa maka da fara'a iri ɗaya ko da rana ta take. Akwai wata baiwar Allah da na gani a layi, wani yaro ya tsorata ya fashe da kuka ana dab da shiga, ta durƙusa ta yi ta lallashinsa ta nuna wa uwar ƙofar da za su fita ba tare da an tsaida kowa ba, duk cikin ɗan lokaci kaɗan, sannan ta miƙe ta ci gaba da aikinta. Irin wannan ƙwarewa sai wanda ya daɗe yana yi.

To a ƙirjin wasunsu akwai wani ɗan bajo mai hoton farar safar hannun Mickey an dunƙule ta an ɗaga sama, kuma wannan bajon shine ya kusa jawo yajin aiki a bazarar 2024 ɗin. Ma'aikata kusan 14,000 ne, masu shara da masu lilo da masu karɓar tikiti da masu shaguna da masu yin alawa, a ƙarƙashin ƙungiyoyin ƙwadago huɗu da suka haɗa kai, Teamsters da SEIU da UFCW da BCTGM. Yarjejeniyar aikin wani ɓangare na ma'aikatan ta ƙare a watan Yuni ana ta zama ba a daidaita ba, ƙungiyoyin suka kai ƙara hukumar ƙwadago ta tarayya cewa ana tsorata membobinsu ana hukunta su saboda bajon, shi kuma kamfani ya ce bajon ya saɓa ƙa'idar suturar aiki. Ranar 17 ga Yuli, ranar da wurin ya cika shekara 69, suka fito bakin ƙofa da kwalaye, bayan kwana biyu aka kaɗa ƙuri'a kashi 99 cikin ɗari na waɗanda suka jefa suka ce sun yarda a tafi yajin aiki in ta kama. Ba a kai ga tafiya ba. Cikin 'yan kwanaki aka cimma matsaya, kafin ƙarshen watan suka amince da yarjejeniyar shekara uku wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 19.90 a awa zuwa 24, sannan 26 a 2026.

Na san akwai wanda yanzu haka ya ɗauko kalkuleta yana juya dala 19.90 zuwa kuɗin ƙasar da yake yana cewa to su kuma waɗannan me suke nema. Dan Allah a aje wannan lissafin, mutum a inda yake zaune yake biyan haya. Gundumar Orange inda Anaheim take tana cikin wurare mafi tsadar zama a Amurka, hayar gida mai ɗakin kwana ɗaya ta haura dala 2,000 a wata. Wanda ke karɓar 19.90 kafin ƙarin in ya yi awa 40 a sati dala 796 kenan kafin a cire haraji, kuma ba kowa ke samun awa 40 ɗin ba don da yawa aikin rabin lokaci suke. Yanzu dawo kan 194 ɗin can: a kan tsohon albashin, mutumin da ya duba maka bel sai ya yi aikin kusan awa goma kafin ya haɗa kuɗin tikitin mutum ɗaya a ranar cunkoso, manya huɗu in suka shiga sun biya kusan albashinsa na sati guda. Ni wannan lissafin ne ya tsaya min a rai, kuma tunda na yi shi ban ƙara kallon murmushin mutanen nan a matsayin abin da ya zo a kyauta ba.

A 2018 an yi wani bincike na Kwalejin Occidental da cibiyar Economic Roundtable a kan ma'aikatan wurin, kusan kashi 73 suka ce abin da suke samu baya isarsu buƙatun wata, kashi 11 suka ce sun taɓa rasa matsuguni cikin shekara biyu da suka gabata. Adalci shine in faɗa cewa ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ɗauki nauyin binciken kuma kamfani ya musanta shi, ya ce bai nuna haƙiƙanin halin ma'aikatansa ba. Amma mutanen garin da kansu sun yi magana a akwatin zaɓe, a Nuwamban 2018 ɗin suka amince da dokar da ake kira Measure L wadda ta ce duk kamfanin yankin shaƙatawa da ke cin tallafin birni dole ya biya aƙalla dala 15 a awa daga 2019, ana ƙara dala ɗaya duk shekara har 18 a 2022. Kamfani ya ce dokar bata hau kansa ba, ma'aikata suka tafi kotu a 2019, aka yi ta ja har kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2023 ta hau kansa, ƙarshenta a Disambar 2024 aka sasanta a kan dala miliyan 233 na ariyas da sauran haƙƙoƙi ga dubban ma'aikata. Shekara biyar fa mutum na jiran kuɗin guminsa, wasu sun bar aikin ma tuntuni, kuma a tsakani ga korona da ta rufe wurin daga Maris 2020 har ƙarshen Afrilun 2021, inda kamfanin ya sanar da sallamar mutum 28,000 a wuraren shaƙatawarsa na Amurka.

Ba yau aka fara ba kuma. A 1984 ma'aikata kusan 2,000 sun yi yajin aiki na kwana 22 a nan Disneyland ɗin saboda maganar daskarar da albashi da taɓa alawus, wurin bai rufe ba, manajoji da ma'aikatan ofis aka jawo suka riƙe lilo. Shi ya sa ƙuri'ar 2024 ta ja hankali sosai, shekara 40 kenan ba a ga irinsa a wurin ba. A Fulorida ma ma'aikatan Disney World kusan 45,000 sun yi watsi da tayin farko a farkon 2023 kafin a daidaita a kan dala 18 a awa, a Disneyland na Paris kuwa a watannin Mayu da Yuni na 2023 ma'aikata sun yi maci ne a cikin wurin kansa a gaban baƙi suna neman ƙarin yuro 200 a wata, aka soke fareti da wasu wasanni.

Waɗanda suka fi bani tausayi su ne masu shiga cikin kayan Mickey da Goofy da sauransu. Yaro na gani ya ruga ya rungume, wani ya ja wutsiya wani ya yi duka, shi kuma na ciki yana cikin kaya masu nauyi a zafin Yuli, baya gani sosai, an hana shi magana, dole ya yi ta rawa yana ɗaga hannu. Su da masu rawar fareti kusan 1,700 ne kuma duk tsawon shekarun nan a Kalifoniya basu da ƙungiya, sai a Mayun 2024 suka yi zaɓe suka shiga Actors' Equity, ƙungiyar 'yan wasan dandamali, kuma cikin abin da suka kawo kuka a kai har da ciwukan da kayan ke jawo musu da yadda ake tsara lokutan aiki. In ka kai yaro wajensu don Allah ka riƙe shi, ka tuna mutum ne a ciki.

Bana cikin masu cewa kamfanin ba abin da yake yi wa mutanensa. Shine mafi ɗaukar ma'aikata a duk gundumar, yana da shirin Aspire da aka fara a 2018 mai biya wa masu aikin awa kuɗin karatu, ma'aikata na samun shiga kyauta, kuma horon da yake basu a fili yake ga duk wanda ya shiga. Abin da na tsaya a kai shine duk wani babban ƙarin albashi da na lissafo a sama sai da aka yi zama aka ja, wani sai da aka je kotu wani sai da aka yi barazanar ajiye aiki, ruwa baya tsami banza. Saboda haka in na ba ma'aikata taurari biyar, tsafta biyar, lilo da wasan wuta huɗu da rabi, to yadda ake tafiyar da maganar albashi uku zan bayar, kuma ukun ma albarkacin yarjejeniyar 2024 ce.

Ga mai shirin zuwa, kar labarin ƙuri'ar yajin aiki ya sa ka soke tafiya nan take, ƙuri'ar izini ce kawai ake ba shugabannin ƙungiya su kira yajin in zama ya watse, kuma sau da yawa ita ce ke sa a daidaita kaman yadda aka gani. Amma ka duba labarai kafin ka biya otal da jirgi, musamman in an doshi 2027 lokacin da waccan yarjejeniyar ta shekara uku za ta zo ƙarshe, sannan ƙungiyoyin wurin da yawa ne, na masu abinci daban na otal daban, kowacce da lokacin da tata ke ƙarewa. In kuwa ka tarar da masu kwalaye a bakin ƙofa ko aka soke fareti, na roƙe ka kar ka sauke fushinka a kan yarinyar da ke karɓar tikiti, ba ita ta yanka farashi ba ba ita ke zama teburin sulhu ba. Ka je da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ka zaɓi tsakiyar sati in da hali don tikitin ya fi sauƙi, ka ɗauki gorar ruwa. Sunan kowane ma'aikaci na rubuce a ƙirjinsa, in wani ya kyautata maka ka riƙe sunan ka biya ta ofishin baƙi na City Hall da ke kusa da ƙofar shiga ka faɗa musu a rubuta masa yabo.