Gwajin jinin tantance tarin fuka ga masu HIV a wani ɗakin gwaje-gwaje na Gadarif

Ina cikin masu raka 'yan'uwanmu da ke ɗauke da ƙwayar HIV zuwa asibiti a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, musamman waɗanda Larabcinsu bai nuna ba ko kuma kunya take hana su yi wa likita tambaya. Wannan aiki ne ya sa na san wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa da ke kusa da kasuwa, inda ake yawan tura mutanenmu gwajin jini idan ana zargin tarin fuka. Tarin fuka shi ne ciwon da ya fi kowane kashe masu HIV a duniya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 garin nan ya cika da 'yan gudun hijira da ke kwana cunkushe a makarantu da gidajen dangi, ga wasu maganinsu ya yanke a hanya.

Abin da ya fi amfani a wurin shi ne gwajin CRP, wani sinadari da hanta take ƙara fitarwa idan akwai kumburi ko wata cuta a jiki. Jini kaɗan ake ɗiba, kuɗinsa bai kai ya gagari talaka ba, kuma mutum yakan karɓi sakamakonsa kafin ya bar wurin. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen tantance tarin fuka ga manya da matasa masu HIV, ta kuma sa iyakar a miligiram 5 cikin kowace lita ta jini. Dā ana dogara ne da tambayoyi huɗu kawai, wato tari da zazzaɓi da gumin dare da rama, waɗanda da yawa daga masu HIV da ba su fara shan magani ba sukan amsa e ga ɗaya daga cikinsu, shi ya sa gwajin ya fi taimakawa ga sababbin shiga. Ma'aikatan suna da tsafta, suna buɗe sabuwar allura a gaban mutum, kuma ban taɓa jin sun ambaci ciwon kowa a bainar jama'a ba. Wanda ya san yadda magana take yawo a unguwanninmu zai gane girman wannan rufin asiri.

Inda suka gaza shi ne bayani. Sukan miƙa takarda da lamba a kai ba tare da sun ce komai ba, sai mutum ya koma gida yana kukan ya kamu, alhali CRP ba ya tabbatar da tarin fuka. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, ciwon huhu yana ɗaga shi, haka ma kala-azar, cutar da ke kawo doguwar zazzaɓi da kumburin saifa, wadda ta daɗe da zama ruwan dare a wannan jiha. Aikinsa kawai ya nuna wanda ya kamata a bincika sosai. Wata baiwar Allah ta taɓa riƙe hannuna a ƙofar wurin tana cewa, "Yaya, ke nan ta ƙare mini?" Da mai miƙa takardar ya ce mata lambar tana nufin ta kai kaki a gwada a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, a kuma ɗauki hoton ƙirjinta, da ba ta shiga wannan firgici ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tallata QuantiFERON, wani gwajin jini na neman alamar ƙwayar tarin fuka, ga duk wanda aka ga alamar zai iya biya. Gwaji ne na gaskiya, kuma ya fi gwajin tarin fuka na allurar fata sauƙi ta wani ɓangare, domin na fata sai an dawo bayan awa 48 zuwa 72 a duba, ga shi allurar BCG ta jarirai tana iya rikita shi. Sai dai QuantiFERON yana nuna cewa ƙwayar ta taɓa shiga jiki ne kurum, ba ya bambanta wadda take kwance da wadda ta tashi ta zama ciwo. Idan ƙwayoyin CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, sun yi ƙasa ƙwarai, sakamakon yana iya fitowa babu e babu a'a, ko ya ce babu alhali akwai, wato ya fi rauni daidai a wurin wanda ya fi shiga haɗari. Bayan haka dole kwalaben jinin su shiga na'urar ɗumamawa cikin awa 16, su zauna a ma'aunin zafi 37 har awa 16 zuwa 24, kuma a garin da wutar lantarki take ɗaukewa ba sanarwa, haƙƙin mai biya ne ya tambayi yadda suke kiyaye wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta shardanta wannan gwaji kafin a ba mai HIV maganin rigakafin tarin fuka ba, matuƙar an tabbatar ciwon bai tashi ba.

Ina tura mutane wurin domin CRP ba tare da shakka ba, amma ina ce musu su wuce da takardar kai tsaye zuwa ga likitan da ke ba su magani. Wanda jikinsa ya yi tsanani kuma ya tambayi likitan ko akwai gwajin fitsari na LAM, wanda aka tanada domin masu ƙarancin CD4. QuantiFERON kuwa kada a biya kuɗinsa sai likita ya rubuta shi da hannunsa, ya kuma faɗi abin da sakamakon zai canza a maganin.