Tabilet ɗin Turanci ko akwatin Tonie, ga amsata Maman Khalil

Maman Khalil sannu da hidima, ya sanyin Hamburg ɗin namu. Tsakanin tabilet ɗin koyon Turancin nan da akwatin Tonie mai kunna wa yara labarai ki sayi akwatin kawai ki huta, sannan shawarar da kika yanke ta yi wa yaro Turanci zalla a gida wai don Jamusancinki bai nuna ba, dan Allah ki ajiye ta gefe tukuna, ni ma na bi hanyar nan kuma duka biyun na saya da kuɗina.

Tabilet ɗin dai ba zan ce bai yi komai ba, yarinyata ta koyi ƙirga ɗaya zuwa goma da sunayen kaloli, shi kenan, ga kuɗin wata-wata da manhajar ke zara ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Yanzu Abbansu ne ke kallon ƙwallo da shi.

Amma gaskiya ba tabilet ɗin ne ya cuce ni ba, ni ce da kaina. Da Turanci na yi digiri, na yi aikin ofis da shi a Kaduna, sai na ɗauka ai na iya. Ashe Turancin rubuta takarda daban na rainon ɗa daban, ni ba a taɓa rarrashina da Turanci ba, ba a taɓa yi min wasa da shi ba, idan ta faɗi tana kuka abin da ke bakina kalma biyu ce uku in ta maimaitawa kamar rediyon da ya lalace. To kin san kuma in rai ya ɓaci Hausa ce ke fitowa ba shiri. Sai ya zama duk Hausar da yarinyar nan ta sani ita ce "ke!", "bari", "sauko nan", "zan saɓa miki". Wallahi har ta kai in na yi mata Hausa sai ta tsaya cak tana duba laifin da ta yi. Ran nan muna bidiyo da Hajiyarmu tana ta tsokanarta, kishiyata ba kya gaisuwa ne, kin ƙwace min miji kuma kin hana ni magana, yarinya ta yi zuru tana kallona in fassara mata. Hajiya ta yi dariya ta ce Allah Ya raya, amma ni na san dariyar nan ba ta kai ciki ba, na kashe waya na shiga kicin na sha kukana.

A awon shekara 3, wanda suke ce wa U7a, likitar yara ta tambaye ni wane yare muke yi a gida, na ce Turanci ina wani ɗaga kai, ta ce shi ne yarenki? Na ce a'a. Ta ce ki yi mata wanda kika fi iyawa, Jamusanci aikin Kita ne, wato makarantar raino. Kuma haka ne, yaron da ke wuni a makarantar raino kwana biyar a sati cikin yara Jamusawa ba ke za ki koya masa der, die, das ba, mu da muka saba da namiji da mace kawai a Hausa su jinsi uku gare su, in kin matsa ma kurakuranki za ki ɗora masa ya dawo yana gyara miki a gaban mutane a bas. Nan Hamburg kuma in yaro ya kai shekara huɗu da rabi makarantar firamare na kiran iyaye a gwada shi, in Jamusancinsa da saura su sa shi ajin share fage da ƙarin darasi. Turanci tun a firamare suke fara shi, ga talabijin ga intanet. Hausa ce kaɗai ba ta da kowa a ƙasar nan sai ke. Wata mai bincike Annick De Houwer ta bi iyalai kusan 2,000 a Beljiyam ta wallafa a 2007, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen da ake yare biyu yaran ba sa magana da yaren iyayen sam, kuma inda uwa da uba duk suke yin yaren a gida nan ne ya fi zama a bakin yara. Ke da Baban Khalil duk Hausawa, kin ga tuwo na mai na.

To akwatin. Wani ɗan dunƙulallen abu ne mai taushi ba shi da allo, yaro ya ɗora 'yar tsana a kai ya fara magana, ya matsa kunnen ya ƙara murya. Ba tsanar kanti nake nufi ba, waɗannan labaran Jamusanci ne da Turanci, ki nemi wadda ake ce wa Kreativ-Tonie, fanko take zuwa ke za ki zuba mata murya ta waya har minti 90. Na roƙi Hajiya ta dinga turo min tatsuniya a WhatsApp, da farko cewa ta yi ita ta manta, wa ke tatsuniya yanzu, sai ga Gizo da Ƙoƙi ya iso har da tarinta da kukan akuya a bayan gida. Sati wajen uku yarinya na ji ba ta ce uffan ba, ni har na fara cewa an sake asarar kuɗi, rannan da daddare ina wanke-wanke na ji Hajiya ta ce "ga ta nan ga ta nanku" sai wata siririyar murya daga ɗaki ta amsa "ta zo mu ji ta". Na saki soso na leƙa. Yau shekararta 7, Hausarta akwai gargada, ga Hausar zangon Kumasi ta Abbanta da ta cakuɗa da ta Kaduna, amma ita da Hajiya sai su yi rabin awa suna faɗan kishi ba mai fassara. Sai dai fa akwati shi kaɗai ba ya magana da yaro, ni ma daga lokacin na koma Hausa safe da dare ko ta amsa min da Jamusanci.

Sabo kusan Yuro 100 ne lokacin da na saya, ƙarin tsana kuma daban ake saye. In gwanjo za ki nema a intanet ki buɗe ido, 'yan damfara sun cika wurin, za ki ga sabo fil a kwali a rabin kuɗi sai a ce ki biya ta PayPal a matsayin 'yan uwa da abokai, ta nan ba ki da kariyar mai saye, kuɗi sun tafi kenan. Ki je ki karɓa hannu da hannu, a kunna a gabanki, kuma mai shi ya cire akwatin da tsanar daga akawun ɗinsa kafin ki miƙa ko sisi. Haka masu tallan "malamar Hausa daga Kano" da ke neman kuɗin wata shida a dunƙule, darasi ɗaya za ki biya ki gani tukuna.

Ki kira kakarsa yau ta fara naɗo miki, ki ce mata ta kashe fanka ta matso da wayar kusa da baki, ta farkon da Hajiya ta turo mana rabi duk ƙarar janareton maƙwabta ne.